Bango Mai Tafiya

Ɗakin da muka kama a Garwa, bayan masu kifi,
a da sito ne na auduga.
Taku goma sha tara daga ƙofa zuwa ƙurya,
ba lungu, ba saƙo,
ka yi tari a gabas, yamma ta amsa maka.
Mu huɗu ne, in an ƙidaya keken ɗinki:
ni, da Goggo Asta, da ɗana Inuwa.

Mai gida ya ce ko ƙusa kada a kafa masa.
Bulo kuwa, ranar da aka ɗora, ranar za mu kwashe.

Na fara da igiya da zanen gado.
Iskar Binuwai ta shigo ba sallama, ta yaye shi
daidai lokacin da Goggo ke sauya zani.
Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

Ran Lahadi na ɗauko zana biyu a kasuwar Pitowa,
na tokare su da buhun masara.
Ashe gara ta fi mu bukata.
Kafin damina ta yi nisa
muna hango juna ta kafofin da ta bari.

Sai Talle kafinta, fensir a bayan kunne,
ya auna da taku, ya auna da ido, ya ce:
“Bangon da ba shi da tushe, ba ruwansa da mai gida.”
Katako huɗu, asabari a tsakiya,
ƙafafu daga tsohon gadon asibiti.
Ya yi mana uku. Sefa dubu goma sha biyu,
rabi a hannu, rabi na ɗinka wa matarsa kayan sallah.

Tun daga nan ɗakinmu ya koyi numfashi.
Da hantsi in tura su baya, shago ya buɗe baki,
mata su shigo awo, su ajiye takalma da labari.
Da azahar in janyo ɗaya, Goggo ta samu inuwar rintsawa.
Kabad ma na juya shi ya ba mu baya,
bayan nan ya zama allon Inuwa,
lissafi da alli har inda hannunsa ya kai.
Da dare fitilarsa kan tsiyayo ta tsagar asabari,
ta zana wa Goggo layi-layi a fuska,
ita kuwa tana ta munshari.

Amma asabari ido yake tsarewa, ba kunne ba.
Mu muka koyi kurumta.
Ban taɓa jin Goggo tana ɓare goron da likita ya hana ba.
Daren da sakamako ya fito babu sunan Inuwa,
na ji numfashinsa yana karyewa a bayan kara.
Na hau keke, ba zare, ba ƙyalle,
na yi ta taka shi har ya gama.

Watan da ciwon Goggo ya yi nauyi
ta ce, “Ku ture abin nan, ina so in ga ƙofa.”
Muka jingine su duka uku a bango.
Taku goma sha tara suka dawo,
masu dubiya suka cika su,
daga baya masu gaisuwa suka cika su,
sannan kowa ya watse.

Kwana arba'in ba wanda ya taɓa su.
Ina shara ina bin sawun taya a siminti,
hanyoyin da muka yi ta bi don mu ba juna wuri.

Jiya da dare na ji ƙugin ƙafar hagu,
wadda Talle ya ce a riƙa ɗiga mata man keke.
Inuwa ne, a hankali,
yake mayar da bangon Goggo inda yake tsayawa.
Tabarmarta na naɗe a bayansa.
Ban tambaye shi ba.
Na dai rage murya, kamar yadda muka saba.